Shekarar da Muka Huda Ƙoran Nono

Bana ɗari ya shigo da wuri, amma bai tarar da matan unguwarmu a zaune ba. Ina ƙofar gida ina shan hantsi suka wuce ni da buhuna cike da gorunan roba, irin na ruwa da na lemo da ake zubarwa a bayan tashar Dakoro, kowace da wuƙarta a hannu. In sun isa garka sai su yanke gindin gora su kifa ta a kan dashen tumatir, su cire murfin da safe, su mayar da shi da yamma, shi ke nan aiki ya ƙare. Haske yana ratsa robar, iska ba ta taɓa ganye, kana tsaye kana ganin shukarka a ciki ba sai ka ɗaga kome ba. Ni ba na cikin tsofaffin nan masu cewa kome na da ya fi na yanzu. Wannan dabara ta fi tamu nesa ba kusa ba, kuma da mun same ta a zamaninmu da na taka rawa a tsakiyar kasuwa. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne yadda suke wurgar da gora in ta tsage, ko waiwaye babu, don sun san gobe akwai wata a juji. Mu abin da muka kifa a kan shuka sai da aka zubar da hawaye a kansa.

Ni ba a gari aka haife ni ba. Mutanen daji ne mu, masu bin saniya, inda ciyawa ta yi nan ne gida. Abin da kunnena ya fara sani a duniya shi ne kukan maruƙa da asuba suna neman iyayensu, sai ƙarar nono yana faɗawa cikin ƙwarya, da farko siririya, can in ƙwaryar ta fara cika sai muryar ta yi kauri, kumfa ya danne ta. Ko idona a rufe nakan gane saniyar da ake tatsa daga ƙarar nononta. Kayan gida duka a bayan takarkari da jaki suke tafiya, tabarmi da sandunan bukka da salkar ruwa da akushi, da tukunyar tuwo guda da ake lallaɓawa kamar ƙwai, sai ƙorai. Ba ma tara kayan yumɓu, don mai tashi kullum ba ya son abin da zai fashe masa a hanya. In tukunya ta fashe, nan muke barin ta mu yi gaba. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan yi kwaɗayin fasasshen tulu ba.

Ƙorai kuwa su ne mutuncin mace a wurinmu. Yanzu da kwanoni da kuloli ake cika wa amarya ɗaki, mu da ƙorai aka kai mu. Mahaifiyata ta yi shekaru tana tara nawa, tun ina yawo ba zane, wasu ta saya wasu ta gada, ta zauna ta zana su da bakin wuƙa, ta shafa musu farar ƙasa da kindirmo har zanen ya fito fes. Ana jera su ƙarama cikin babba a ɗaure cikin raga, ba a kwance manyan sai ranar salla ko biki, a baje su a kan gado mata su zo kallo suna taɓe baki ko suna yabawa. Kuma suna da dokarsu. Namiji ba ya taɓa su. Ba a dire su a ƙasa tsirara, sai a kan gammo ko faifai. In an wanke, a jingine ake shanya su, baki yana kallon rana. Babban abin da ba a yi shi ne a kifa ƙwaryar nono a kan ƙasa, don duk wanda ya gani ya san abin da kike faɗa: nono ya ƙare a gidan nan, kuma ba ku sa ran ya dawo. Na taɓa kifa wata da wasa ina ƙarama, kunnena na hagu har yau bai manta hannun mahaifiyata ba.

Ban daɗe da aure ba ruwa ya ɗauke mana, damina bayan damina hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa. Ba zan tsaya ba ku labarin yadda shanu ke mutuwa ba. Wanda ya gani ba ya so a tuna masa, wanda bai gani ba kuwa ko an faɗa ba zai gane ba. Abin da zan ce shi ne mun baro arewa da garke, muka iso wani ƙauye a wajen Korahane da jaki ɗaya. Mu uku ne, ni da maigidana da mahaifiyarsa wadda nake kira Inna, sai na huɗun da ke cikina bai fito ba tukuna. Mai gari ya nuna mana fili a bakin gari muka kafa bukka. Inna ta rataye ƙoranta a gefe guda, na rataye nawa a ɗaya gefen. Babu ɗigon nono a gidan, a akushi muke ci, da kwanon ƙarfe muke sha, amma duk Juma'a sai ta sauke su ta goge. Takan ce shanu tafiya suka yi, kuma in sun dawo kada su tarar da gida ba shiri.

Maigidana ne ya fi ba ni tsoro. Mutum ne da ya fi hira da dabba a kan mutane, yana da wata ƙara da yake yi da harshe da leɓe in zai saki maruƙa, wadda ko sun shige garken wani suka ji ta sai sun ɗago kai. Tun da saniyarsa ta ƙarshe ta kwanta, wata ja mai karyayyen ƙaho, bakinsa ya mutu. Da asuba zai tashi kamar yadda ya saba, ya yi salla, ya fita ya tsaya a bayan bukka yana kallon fili, sannan ya dawo ya zauna. Haka zai wuni.

A lokacin maza suna ta tafiya. Duk ranar kasuwar Dakoro akwai babbar mota da ke kwasarsu, ta bi ta Sabon Maci ta yi Maraɗi, daga can kowa ya kama gabansa, wasu gadi, wasu ga-ruwa, wasu ba a san me ba. Inna ta ce ɗanta ya bi su, ya yi ƙwadago har ya sami karsana, ai daga karsana guda ake ta da garke. Ba don ba ta son sa ba ne, shi kaɗai ya rage mata. Ganin sa zaune ba saniya ne ba ta iya jurewa. Ni kuma na ce ba inda za shi, ko da yake a cikina na faɗa, don ba a ɗaga murya gaban suruka. Ina da dalilina. Mahaifina ma haka ya tafi a wata yunwa da ta gabata, shi ma da niyyar karsana, ina goye a baya, kuma har yau in aka ce in siffanta fuskarsa sai dai in yi ƙarya. Ba na son abin da ke cikina ya taso yana tambayar mutane kamannin ubansa.

A ƙasan ƙauyen akwai tabki mai riƙe ruwa bayan damina, in ya janye sai a haƙa 'yan rijiyoyi a gindinsa, mutanen gari su yi garka a kewaye. Can na haɗu da wata tsohuwa da kowa ke ce wa Gwaggo, gajera, bakinta ba ya hutawa, wadda ta mayar da ni abin tsokanarta tun ranar da na tambaye ta ko ganyen tumatir ake ci. Ita ta roƙa mini 'yar ƙasa a gefen tata, ta cire mini dashe daga wurin renonta, tumatir da yawa da tattasai layi guda, ta nuna mini yadda ake dasawa da la'asar. Maigidana ya yarda ya haƙa rijiya ya ja ruwa, don wannan aikin makiyayi ne, amma ya ce ba a yi bayansa don duƙa wa ganye ba. Wata rana Inna ta tafi itace, na matsa masa da magana har ya buɗe baki.

"To, ji nan," ya ce. "Mutanenmu sun sa ranat tahiya, kasuwat tsakiyaɗ ɗari. Ran nan da sahe za ni in duba abin naki. In na iske shi da rai, in zamna. In ya mutu, ki bar ni in tahi ba gardama."

"Inna hwa?" na ce.

"Inna ma ido gare ta."

Na ce na yarda. Na yarda ne da ƙarfin zuciya, don ni a wurin ɗan akuya kawai na san ɗari, ban san shi a wurin shuka ba.

Mutanen garin kuwa sun san shi sarai. Tun kafin ya iso kowa ya kafa shingen karan gero ta gefen da iska ke fitowa, wasu suka jingina zana. Sannan aka fara fito da dukiyar da ni na ɗauka shara ce. Ashe duk tulun da ya fashe a garin nan ba a yar da shi, a gindin danga ake tara shi shekara da shekaru. Wanda gindinsa ya cire shi ne sarkinsu. A kifa shi a kan dashe, cikinsa ya tare iska, yumɓun ya sha rana ya riƙe ɗumi har wayewar gari, bakinsa kuma yana sama a buɗe, haske na shiga. Wanda ba shi da tulu ya kawo tsohon kwando, ko malfar da ta huje, ko turmin da gindinsa ya ruɓe. Akwai wani dattijo da ya kifa wa yalonsa tsohuwar gangar da fatarta ta yage, aka yi ta yi masa ba'a wai yalon da kiɗa zai fito. Wanda ba shi da ko ɗaya irina, sai ganyen tumfafiya, a naɗe shi kamar hula a soke da ƙaya a ɗora a kan shuka. Ba a ban ruwa da yamma sai da hantsi, shi ma ruwan sai ya ɗan sha rana tukuna. In ka tsaya a kan tudu da magariba ka dubi garkar, sai ka ce wani ƙaramin gari ne aka gina na tuluna. Gwaggo ta ba ni kara na yi shinge, amma tulu ta ce ko 'yar cikinta ba ta ba, kowane wuyan tulu a garin nan da shukar da ke jiransa. Ni sai na naɗa wa dashena hulunan tumfafiya.

Ranar da ɗarin ya sauka da gaske, na je da safe na tarar iska ta kwashe hulunan tumfafiyata ta watsa su cikin laka. Ganyen tumatir ya nannaɗe, bakinsa ya yi baƙi kamar wuta ta lashe shi, tattasai ya sunkuyar da kai. Na bi gari gida gida ina neman ko fasasshiyar tukunya, aka yi ta ba ni haƙuri. Gwaggo ma ba ta nan, ta tafi suna can wajen Rumbu. Da la'asar na dawo bukka na zauna, idona ya sauka a kan ragar ƙoraina. Ban yi dogon tunani ba, don na san in na yi ba zan iya ba. Na sauke ta na ɗora a ka.

Inna tana bakin ƙofa tana saƙar faifai. Ta dube ni, ta dubi kayan.

"Ina za ki da su, yarinya? Buki aka yi ban ji ba?"

"Garka za ni, Inna."

"Garka. Ganye za ki tatsa?"

Ta ajiye faifan a cinyarta.

"Kihe su za ki yi," ta ce. "Ƙoran da uwakki tat tara maki. Bisa ƙasa. Ke kin san abin da kike shirin hwaɗa ma duniya?"

"Na sani, Inna."

"To ki sani ba da bakina kinka hwaɗe shi ba. Shanun ɗana suna nan tahe."

Na wuce. A garka na ɗauki ta farko, hannuna ya ƙi, na yi bismilla, na roƙi gafarar mahaifiyata a zuci, na kifa. Bayan ta farko sauran ba su yi wuya ba. Suka ishi tumatir duka, tattasai ne kawai bai samu ba, na mayar masa da hulunansa na danne da dutse. Kafin magariba fararen ƙorai masu zane sun jeru a tsakiyar baƙaƙen tuluna, mata suka taru bakin shinge suna kallo, wata ta ce yau ga garkar amarya.

Nan kuma na tafka irin wautar da sai mutumin daji zai yi ta. A wurinmu in akuya ta haihu cikin sanyi, ɗan sai a shigar da shi bukka a kifa masa kwando a lulluɓe, ba a fito da shi sai ya yi ƙwari. Na ɗauka shuka ma haka take. Na tura ƙasa a bakin kowace ƙwarya na toshe ko'ina don kada iska ta sami ƙofa, ina zuba ruwa ta gefe, ban ɗaga ko ɗaya ba, har ina jin kaina mai dabara. In na ga tulunan mutane a buɗe ta sama sai in ce a raina Allah sarki, rashin mai kyau ne ya sa. Kwanaki suka shuɗe a haka har Gwaggo ta dawo. Ta tsaya bakin shinge ta riƙe haɓa, ta yaba zane, sannan ta tambaye ni da wane lokaci nake buɗe su. Na ce ai ba na buɗewa. Ban taɓa ganin tsohuwa ta tsallake shinge da sauri irin haka ba.

Ta ɗaga ta farko. Dashen ya koma rawaya, ya yi tsawo siriri ya kwanta. Ta ɗaga ta biyu, wannan kam zafin tsakar rana ya dafa shi a ciki har ya narke.

"Ke 'yad daji!" in ji Gwaggo. "Wanga ba ɗan akuya ba na! Shi rana shika ci. Kin hana mashi abinci kin ce renonai kike?"

Na zauna daɓas a ƙasa na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta bi layi tana taɓa kowane da yatsa, ta ce fiye da rabi da sauran rai. Amma yanzu sun yi laushi. In aka buɗe su gaba ɗaya iskar safe za ta gama da su, in aka mayar aka rufe duhu ya gama da su. Magani ɗaya ne, a yi wa kowace ƙwarya baki a gindi irin na tulu.

"A huda su?" na ce.

"A huda su. Ko ki kwashe kayanki ki maida ɗaki, ki bar ma Allah ganyen. Zaɓi naki na, ɗiyata, ni ban ce maki komi ba."

Ƙwaryar da aka kife ana iya ɗaga ta a wanke a nemi gafara. Wadda aka huda ta gama da nono har abada. Na san haka sarai, kuma da sanina na je gidan Gwaggo na ɗebo garwashi na sa wuƙa a ciki. Daga ƙaramar na fara. Da wuƙar ta shiga sai ƙauri ya tashi, ƙaurin ƙwarya da tsohon man shanun da ya shige ta shekara da shekaru, rugarmu ce gaba ɗaya ta taso mini a hanci. Ina yanka ina kuka, Gwaggo tana riƙe mini tana faɗa wai hawaye ma da hantsi ake zuba wa shuka. Tsakiyar zanen mahaifiyata a gindin ƙwarya yake, shi nake cirewa. Yaran gari suka kwashe 'yan faya-fayan suka tafi suna garawa.

Labari ya riga ni isa gida. Inna ba ta ce mini kome ba, ranar ko washegari. Ta daina kirana yarinya, ta daina kirana kwata-kwata. In tana son ruwa sai ta gaya wa jaki, da ƙarfi yadda zan ji, cewa a gidan nan tsohuwa na iya mutuwa da ƙishirwa. Ni kuma in kawo in ajiye kusa da ita, ta gode wa jakin.

Shukar ta farfaɗo sannu a hankali, kore ya fara dawowa daga tsakiya. Da ta ɗan yi ƙarfi Gwaggo ta ce yanzu a riƙa ɗage ƙoran in rana ta yi sama, a mayar da la'asar tun ƙasa na da ɗumi. Duƙawa ce mai yawa, ni kuma ciki ya tsufa. Wata safiya na duƙa bayana ya ƙi miƙewa, na dafa ƙasa ina nishi. Maigidana yana bakin rijiya yana kallo. Ya ajiye guga ya zo ya miƙa hannu zai ɗauki ƙwarya, na ce ai namiji ba ya taɓawa.

"Wagga ta bar zama ƙwaryan nono," ya ce. "Tashi ki zamna can."

Da hannu biyu ya ɗaga ta, a tsorace, kamar za ta cije shi. Washegari bai jira bayana ya ƙi ba. Kafin a ce me ya san su ɗaya bayan ɗaya, wannan mai haɗamar ruwa ce, waccan malalaciya, ta can ƙarshe sai an lallashe ta. Tattasan nan marasa ƙwarya su suka fi cin ransa, don makiyayi kullum idonsa a kan ramammiyar yake. Sai wani hantsi ina zaune gindin shinge na ji ƙarar. Yana bin layi yana ɗage ƙorai, bakinsa yana yin abin nan da yake yi wa maruƙa, shi kansa bai san yana yi ba. Na sunkuyar da kai don kada ya ga na ji ya daina. Da na waiwaya sai na ga Inna tsaye a bayan kara. Ta zo ne ta gaya masa abokan tafiyarsa sun zo nemansa. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juya ta koma ba ta isar da saƙon ba.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Tumatir ya rayu, amma na san alkawarin da ya yi mini ba zai tsallake maganar mahaifiyarsa ba. In ta ce tafi, zai tafi ko da garkar ta cika kasuwar Dakoro. Kuma ba ta janye maganarta ba. Da hannunta ta ɗaure masa kaya, ta daka masa guzurin gero ta ƙulle a tsumma, ta jingine a bakin ƙofa inda duk na wuce sai na gani.

Ana gobe kasuwa iska ta juya da la'asar, mai sanyin da ke shiga ƙashi, tsofaffin garka suka dubi sama suka ce yau babban ne. Kowa ya duƙufa yana gyara tulu. Muna wurin tattasai ni da maigidana, hulunan tumfafiya sun ƙi tsayawa, har ya kwance rawaninsa yana neman yadda zai shimfiɗa musu. Sai ga Inna tana gangarowa daga tudu a hankali, raga a kanta. Tun da muka zo garin ba ta taɓa taka cikin garka ba. Ta shigo ta sauke ragar, ta kwance, ta dire ƙoranta a ƙasa tsirara.

"Ina wuƙag ga?" ta ce, ba ta dubi kowa ba.

Gwaggo ta tafi ta kawo garwashi da wuƙa. Na miƙa hannu zan karɓi aikin, Inna ta make mini hannu.

"Ni naz zana su, ni ka huda su."

Ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana hudawa ɗanta yana kifawa. Har aka zo kan babbar, wadda surukarta ta ba ta, wadda a cikinta aka tara nonon ranar sunansa. Ya durƙusa gabanta.

"Inna, bar wagga. Ko guda ki bari."

"In bar ta ta jira mi?" ta ce. Ta juya wuƙar cikin wuta. "Na ji ka ran nan. Tun da jas saniyag ga tak kwanta ban ji bakinka ba. Ni na aza shanu nika nema maka. In ganye na ka sa ka magana, to zamna ka yi kiwonai."

Ta huda ta, ta tashi da kanta ta kifa ta a kan ƙaramin tattasan da ke bakin iska, ta tura ƙasa a kewaye ta daddanna. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Yarinya, haka aka yi?"

"Haka na, Inna," na ce.

Da safe abokan tafiya suka biyo ta ƙofarmu da ƙunshinsu a kafaɗa, aka ce musu yana garka. Suka yi sallama suka kama hanyar Dakoro. Guzurin da ta daka masa mu muka dama muka karya kumallo da shi.

Ba zan ce muku garkar ta yi mana arziki ba. Mun ci, mun shanya, mun musanya wani da gero, ya kai mu inda ya kai mu. Shanu ba su dawo ba, daga baya dai mun yi 'yan awaki. Amma in aka mayar da ni ranar nan aka sake miƙa mini wuƙar, zan sake sa ta a wuta, ko gezau. Na haihu a ƙarshen ɗari, uban yaro ya ɗauke shi ya yi masa kiran salla a kunne da bakinsa. Inna ta goya jikanta, ta ci miyar tumatir tana kushewa wai jan ruwa ne kawai, tana kushewa tana suɗe akushi.

Ba ta kai damina ba. Zafi na shigowa ta kwanta, ciwon bai daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. Matan gari suka zo yi mata wanka, suka ce in kawo ƙwarya. Na shiga bukka na sauke raga, nawa da nata, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗagawa, ta kowace ina ganin haske. Matar da ta ƙare rayuwarta tana goge ƙorai, ba a sami guda mai riƙe ruwa a gidanta ba. Na tsaya a tsakar ɗaki na rasa inda zan sa kaina, sai da Gwaggo ta tafi gida ta kawo tata. Na yi kuka a kan wannan fiye da yadda na yi lokacin da rai ya fita. Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta. A waccan shekarar tsofaffi da yawa sun rasu a garin, maƙwabta suka rufe su, 'ya'yansu suna can kudu ba su ma ji ba sai bayan watanni. Ita kam ɗanta ne ya kama gaban makara, shi ya shiga kabarin ya karɓe ta da hannunsa, ya gyara mata kwanciya.